Amsoshin Maraɗi a Aljihun Teburin Rabe

Duk wanda ya taɓa buga waya a Jibiya a shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa ya san Malam Rabe. Dogo ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, kamar teburin aiki ya riƙe kafaɗunsa ya ƙi saki. Mutumin Bugaje ne, amma mahaifiyarsa 'yar Madarunfa ce, can ƙetaren iyaka, shi ya sa bakinsa ya tsinci Faransancin kasuwa tun yana ƙarami. Shekara goma sha huɗu ya yi a gidan wayar Jibiya yana buga tangarahu a kan tsohon layin da ya nufi Katsina. Yatsa biyu ke yin aikin a kan ɗan maɓallin tagulla, ƙwas, ƙwas-ƙwas, kuma ma'aikatan Katsina kan gane hannunsa tun bai faɗi sunan tasha ba, yadda ake gane takun mai gida tun yana zaure.

Shi ya koya wa Kalilu aikin. Kalilu ɗan unguwarsu ne a Bugaje, Rabe ya girme shi da shekara uku, kuma da hawan falwaya ya fara. Bayan la'asar sukan zauna a gindin bishiyar bedin da ke bakin ofis, Rabe yana ƙwanƙwasa murfin kwano da ƙusa, Kalilu yana rubuta haruffan a ƙasa. Da takarda ta zo daga Kaduna ana neman mutum ɗaya da za a tura kwas Legas, sai aka ce dole ya zama ya taɓa shiga sakandare. Kalilu ya yi aji biyu kafin mahaifinsa ya rasu. Rabe a firamare ya tsaya. Bayan wata goma sha takwas Kalilu ya dawo da farar Vespa, da agogon hannu, da takardar da ta ba shi riƙon ƙwaryar shugabancin ofis.

Da Kalilu ya dawo da girman kai, da abin ya zo wa Rabe da sauƙi. Amma bai dawo da shi ba. Kullum da safe sai ya taso daga kujerarsa ya zo har teburin tangarahu.

"Yaya Rabe, an tashi lahiya? Ya Salmatu da yara?"

"Lahiya lau, Yallaɓai."

"Haba, Yaya. Wane irin Yallaɓai kuma?"

"To mi zan ce? Mai Vespa?"

Kalilu ya yi dariya ya koma. Rabe kuwa ya bi bayansa da kallo, ya ga yadda rigar ta zauna masa, ya ga makullan da ke kaɗawa a aljihunsa. Wannan "Yaya" ita ta fi ci masa rai. Ji yake kamar an ƙwace masa gona, sannan ana aiko masa da damin gero ɗaya duk kaka don girmamawa.

Garin a lokacin ba ya zama wuri ɗaya. Manyan motoci suna haurawa arewa da siminti da sukari da gangunan mai, suna gangarowa da wake da shanu. Ranar Lahadi kasuwa kan cika har ta tumbatsa kan titi. Kowane ɗan kasuwa yana da abokin hulɗa a Maraɗi, kuma farashi kan juya tsakanin hantsi da azahar. Amma in ka shigo gidan waya ka ce a buga maka waya zuwa Maraɗi, garin da mai babur ke isa kafin shayinsa ya gama narkewa a ciki, sai saƙonka ya juya wa Maraɗi baya. Katsina zai fara zuwa, sannan Kaduna, sannan Legas. Daga nan ya ƙetare teku zuwa Landan, a miƙa shi Faris, Faris ta sauko da shi Yamai, Yamai ta turo shi Maraɗi. Kwana uku in an yi sa'a. Haka Turawan ƙasashen biyu suka bar wayoyinsu, kowa ya ja tasa zuwa gida. Direbobi sukan leƙo ta taga su ce, "Malam Rabe, akwai saƙon Maraɗi? Kawo mu kai maka, kada ya sha wahalar jirgin ruwa."

A daminar 1977 aka kafa sababbin turaku daga Jibiya zuwa bakin iyaka, mutanen Nijar suka taho da nasu aka haɗa. Waya biyu aka ja, ɗaya ta tafiya, ɗaya ta dawowa. Aka kawo inji a cikin akwatin katako. Kamar tafireta yake amma ya fi ta girma, ruwan toka, da naɗin takarda a kansa, yana ƙamshin sabon mai. In ka buga harafi a nan, a take ya fito a takardar ɗan'uwansa da ke Maraɗi. Rabe ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ranar da aka buɗe akwatin. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ya so ya ɗora yatsunsa a kan waɗannan maɓallai ba. Kalilu ya lulluɓe injin da ƙyalle, ya kulle ɗakin, ya jefa makulli a aljihu.

Ga yadda ƙa'idar buɗe sabon layi take. Ranar Litinin da ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, shugaban ofis zai buga saƙon gwaji mai lamba. In amsa ta fito a injin kafin sha ɗaya, layi ya buɗu. In ba ta fito ba, a soke wannan lamba, a jira rana ta gaba a sake da sabuwa. Mako shida aka ba Kalilu. A Alhamis ta ƙarshe mai duba aiki zai zo daga Kaduna. In injin bai amsa a gabansa ba, za a mayar da shi akwati a kai wata iyakar, riƙon ƙwaryar Kalilu ya ƙare, ya koma kan turaku. Kujera kuma ta faɗo wa wanda ya fi kowa daɗewa a ofis. Kowa ya san ko wane ne.

Litinin ta farko Kalilu ya buga gwaji na ɗaya. Suka tsaya su huɗu suna kallon takarda. Agogon bango ya yi ta tafiya. Sha ɗaya ta buga, takarda fara fat.

Ranar Alhamis aka sake, nan ma shiru. Da azahar ɗin ranar, ofis ya yi tsit, tsohon layin Katsina ya fara ƙwanƙwasa. Rabe ya ɗauki fensir yana rubutawa kamar kullum, hannu na aiki, zuciya na wani wuri. Sai da ya kai ƙarshe ya ga abin da ya rubuta. Amsar gwaji na ɗaya ce, daga Maraɗi. A saman kowane tangarahu akan jera tashoshin da ya ratso, ga su nan kuwa: Maraɗi, Yamai, Faris, Landan, Legas, Kaduna, Katsina. Ga kuma lokacin da aka rubuta ta a Maraɗi: Litinin, ƙarfe goma da minti shida.

Ya daɗe yana kallon wannan minti shida. Ashe saƙon Kalilu ya isa a take. Ashe an karanta, an amsa. Amsar ce ba ta biyo sabuwar waya ba, ta bi tsohuwar hanyar da ta sani, ta zaga duniya, ta iso bayan an soke lambarta da kwana uku.

Littafin ƙa'idojin aiki yana kan kanta. Rabe ya san abin da ke ciki, amma ya tashi ya buɗe ya sake karantawa: amsar gwajin da aka riga aka soke, a rubuta ranar da ta iso, a adana, ba ta buƙatar wani mataki. Ya rubuta ranar da kyakkyawan hannunsa, ya ja aljihun tebur, ya ajiye, ya tura. Doka tana bayansa. Ta taga yana hango Kalilu a tsugune yana goge tayar Vespa.

Kalilu ya tabbata waya ce ta samu matsala. Ya tuɓe rigar ofis ya koma hawan turaku, shi da masu gyara biyu. Gero ya yi tsawo a shekarar, turakun sun bi ta tsakiyar gonaki, sai su shige tun safe ba a ganin komai sai kan tsani yana tafiya a saman ganye. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su har bakin iyaka, yana kwance kowane ƙulli yana sake ɗaurewa. Ya dawo da laka har gwiwa. Wata rana waya ta tsaga masa tafin hannu, ya zo ofis da tsumma a naɗe. Ya rubuta Kaduna yana neman izinin ƙetarawa Maraɗi a kan aiki, domin a kwas an ja musu kunne cewa ma'aikaci ba ya shiga ofishin wata ƙasa da bakin gwamnati sai da takarda. Takardar ba ta zo ba.

"Sannu, Yallaɓai," in ji Rabe. "Yau ma ba a dace ba?"

"Wallahi Yaya, na rasa inda abin yake."

"Allah shi nuna maka."

Wani daɗi yake ji in ya faɗi haka, daɗi mai ɗan tsami kamar na tsamiyar da ba ta gama nuna ba. Yana jin kunyarsa, kuma yana jiran na gobe. A gida ya fara cin tuwo da yawa. Salmatu matarsa ta ce, "Malam, wata albishir aka yi maka ne ka ɓoye mini?" Ya ce babu.

A mako na uku Kalilu ya aika tambaya Maraɗi ta doguwar hanya: kuna samun gwajinmu? Bayan mako guda amsa ta dawo da Faransanci. Wannan ba amsar gwaji ba ce, sunan shugaban ofis ke kanta, don haka Rabe ya kai masa, ya kuma fassara masa ba tare da ya rage ko harafi ba: muna samu, mun amsa duka.

Kalilu ya buga tebur da hannunsa mai lafiya. "Ka ji ko, Yaya? Suna amsawa! Wayar dawowa ce ta lalace. Na faɗa!"

Rabe ya dube shi. Tsakanin teburin Kalilu da aljihun da amsoshi shida ke kwance bai fi taku huɗu ba.

"Kai ka yi kwas," ya ce.

Ni da nake maƙwabcin Rabe ban san da wannan aljihun tebur ba sai bayan shekara kusan arba'in, kuma jikarsa Sakinatu ce sanadi. Ita aikin na'urorin intanet take yi a Katsina. Ta zo gaishe shi wata Juma'a, na tarar da su a zaure, ya tsare ta sai ta faɗa masa abin da take yi duk yini har ake ba ta albashi. Ta ce akwai na'ura da ake kira rauta, aikinta zaɓar wa saƙo hanya. Rauta biyu in suna so su zama maƙwabta, su riƙa gaya wa juna garuruwan da kowace ke iya kaiwa, sai sun fara gaisawa. Ɗaya ta yi sallama, ɗaya ta amsa. Amma kafin sallamar ta fita, dole ta farkon ta riga ta san hanyar da za ta kai ga ta biyun, ita ma ta biyun ta san hanyar da za ta mayar da amsa. In hanya ta tafiya ce kawai, sallama za ta isa, amsa ta ɓata, mai sallama ta ƙirga daƙiƙoƙinta ta haƙura, ta sake daga farko, haka har abada.

"To ba sai ta tambayi maƙwabciyar hanya ba?" in ji Rabe.

"Kaka, ta yaya za ta tambayi wadda ba su gaisa ba? Duk sauran hanyoyin duniya a bakin maƙwabciya za ta koye su, ban da hanyar zuwa wurin ita maƙwabciyar. Wannan sai an nemo ta ta wani gefe, ko mutum ya zauna ya rubuta mata da hannu. Wasu na'urorin ma in ka ce su bi hanyar da ake tura duk abin da ba a san inda za shi ba, ba za su yarda su yi sallama ta nan ba. Sai hanya mai suna."

Rabe ya yi ta murza carbi. Can ya ce, "Ita na'urar taku, in amsa ta zo a makare, tana da inda take ɓoyewa?"

"Zubarwa take yi."

"Ta hi ni gaskiya," ya ce. Bayan ta shiga cikin gida ya ba ni labarin, bai rage kansa ba ko kaɗan.

Litinin ta mako na shida Rabe ya nemi hutun yini ɗaya, ya ce zai gaida kawunsa a Madarunfa. Ya hau babur ɗinsa ya bi ta Magama, 'yan duwan na Ɗan Isa, wato kwastan ɗin Nijar, suka ɗaga masa hannu don sun san shi, ya wuce mararrabar Madarunfa bai ko waiwaya ba. Shirinsa shi ne ya gano inda ƙullin yake ya riƙe a cikinsa. Ranar Alhamis, in Kalilu ya kasa a gaban baƙo, shi sai ya matso ya ce a ba shi kwana biyu. Kujera da inji su zo masa tare.

Shugaban ɗakin tangarahu na Maraɗi wani gajere ne mai tabarau da ake kira Mushe Arzika, wato Malam Arzika a bakin masu Faransanci. Da ya ji ma'aikacin waya ne daga Jibiya, ya rungume shi kamar sun shekara da sani.

"Ku ne masu sallama kullum ba ku jiran amsa! Shigo ka gani."

Injinsu irin na Jibiya ne sak. Ƙarfe goma daidai ya farka da kansa, ya hau kakkaɓi, takarda ta turo kai: gwaji na goma sha ɗaya. Rabe ya tsaya yana kallon haruffan da yatsun Kalilu ke bugawa a wannan daƙiƙar, can bayan gonaki da iyaka. Har kuskuren da ya saba yi ya gani, ya buga harafi ya koma ya gyara.

Arzika ya yage takardar, ya zauna, ya cika fom da alƙalami, ya jefa a kwandon da aka rubuta wa Yamai.

"Mushe, ga inji a gabanka. Don mi ba ka amsa a kansa?"

Arzika ya nuna masa sandar aikawa. An ɗaure ta da 'yar waya an danne da dalma. Sannan ya jawo wani babban kundi mai baƙin bango ya buɗe. Kowace ƙasa da layinta, kowane layi da hanyarsa. Nijeriya: ta Yamai.

"Abin da kundi ya ce shi nika bi. Jibiya ba ta ciki. Ranar da Yamai ta rubuto a sa Jibiya, in hwasa dalma."

"Yaushe Yamai za ta rubuto?"

"In Legas ta shaida mata layi ya buɗu."

"Legas kuwa ba ta shaidawa sai amsarka ta hito a injinmu."

Arzika ya cire tabarau ya dube shi, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. "To ashe munka zamna! Ni ina ta cewa mutanen Nijeriya kuɗi sun yi musu yawa, sun sayi inji sun manta da shi."

Da dariyar ta lafa ya ce akwai ƙofa ɗaya. Dokarsu ta yarda shugaban ɗaki ya rubuta hanyar wucin gadi da fensir zuwa tashar da ke maƙwabtaka, in shugaban waccan tashar ya aiko da roƙo a rubuce, da hatimi da sa hannu, a hannun mutum.

"Ba ni takarda in rubuta yanzu," in ji Rabe. "Ni na hi kowa daɗewa a ofishin."

"Kai ne shef, shugaban ofis?"

"Ni na koya wa shef ɗin aiki."

"Madalla. Amma kai ne shef?" Ya jawo fayil ya nuna masa wata takarda da aka aiko tun farkon aikin. Ga sunan Kalilu, ga samfurin sa hannunsa, mai wata doguwar jela da ya koyo a Legas. "Wagga nika so. Ba ta tsoho ba, ba ta gwani ba. Wagga."

A hanyar dawowa hadari ya taso, ya fake a wata rumfa a Ɗan Isa yana lissafin abin da ya rage masa. In ya yi shiru, ranar Alhamis za a ɗauke inji. Zai samu kujera a ofishin da direbobi ke yi wa dariya, kuma ba zai taɓa ɗora yatsa a kan maɓallan nan ba. In ya yi magana, layi zai buɗu da sunan Kalilu. Ya juya abin ya sake juyawa, ruwa na zuba daga bakin rumfa. Daga ƙarshe ya samo wadda ta yi masa daɗi: zai faɗa, amma a gaban kowa. Masu gyara su ji, masinja ya ji, mai sayar da kan sarki ya ji, cewa abin da ɗan kwas ya yi mako biyar yana nema a kan turaku, ɗan firamare ya gano shi a yini ɗaya. Labari zai kai kunnen baƙon Kaduna da kansa.

Ranar Talata da safe, ofis cike, ya ja aljihun tebur ya kwaso takardun. Tara ne, ɗaya ta ɓace a wani wuri tsakanin Faris da Landan. Ya jera su a teburin Kalilu ɗaya bayan ɗaya kamar mai baje haja, ya ɗaga murya ya yi bayani: ga hanyar da suka biyo, ga minti shida, ga dalma, ga kundi, ga fensir. Bai taɓa magana mai tsawo haka a ofis ba. Masu gyara suka matso suna salati.

Kalilu ya jawo takardun gabansa. Ya ɗauki ta farko ya karanta sama, sannan idonsa ya sauka ƙasa, inda aka rubuta ranar isowa. Ya ɗauki ta biyu. Ta uku. Sai a lokacin Rabe ya tuna da abin da ke ƙasan kowace takarda, da rubutunsa, mai kyau, wanda ba a kuskure shi da na kowa.

"Ku ba mu wuri," in ji Kalilu. Suka fita.

"Wannan ta zo tun makon farko, Yaya."

"Littahi ya ce a adana."

"Na san abin da littahi ya ce." Ya kwance tsumman ya dubi tafinsa, ya sake naɗewa. "Turaku ɗari da sittin da uku ne daga nan zuwa iyaka. Sau biyu na hau kowane."

Rabe ya dubi bango.

"Da ka ce mini kujerar kake so, da na rubuta musu da kaina."

"Ba na son abin da za a ba ni don tausayi."

"To mi kake so?"

Rabe ya ce mini ko a ranar da yake ba ni labarin bai san amsar da zai bayar ba, in ba ya ce so yake a koma gindin bedi, shi da ƙusa, Kalilu da ƙasa.

Kalilu ya jawo takarda ya rubuta roƙon, ya buga hatimi, ya ja doguwar jelar nan. Ya tattara amsoshin tara ya haɗa da ita ya miƙa masa.

"Waɗannan ka mayar inda ka ajiye su. Wannan kuma kai za ka kai, tunda ka san hanya. Gobe ka tahi. Kada ka baro Maraɗi sai ka ga amsa ta hita da idonka ranar Alhamis."

"Ranar Alhamis ai baƙo zai zo."

"Zai zo."

Haka aka yi. Ranar Laraba Arzika ya fere fensir, ya buɗe kundi, a ƙarƙashin Nijeriya ya ƙara layi ɗaya: Jibiya, kai tsaye. Kalma uku. Ranar Alhamis da ƙarfe goma saura ya sa almakashi ya yanke wayar dalma. Goma daidai injin ya farka, gwaji na goma sha biyu ya fito. Arzika ya gyara tabarau ya zauna.

"Mushe," in ji Rabe, muryarsa ƙasa-ƙasa, "bari in buga amsar. Layi ɗaya ne."

"Injin gwamnatin Nijar? A'a, ɗan'uwa."

"To ka sa a ƙarshe, Rabe na nan."

"Saƙon aiki ba ya ɗaukar suna."

Da yatsa ɗaya Arzika ya buga, a hankali, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Rabe na tsaye a bayansa, hannuwansa a cikin aljihu. Ba a yi minti ɗaya ba injin ya sake motsi: an samu, layi ya buɗu. Arzika ya miƙe ya ba shi hannu, ya aika a sayo lemo.

Sai bayan la'asar Rabe ya iso Jibiya. Motar baƙo ta riga ta tafi. An share gaban ofis, an jingine kujerun aro, ga kwalaben lemo a kwali. Mai sayar da kan sarki ya ba shi labari: yadda takarda ta motsa, yadda 'yan kasuwa suka yi kabbara, yadda baƙon ya riƙe hannun Kalilu ya daɗe bai saki ba. A rahoton da aka aika Kaduna an rubuta cewa shugaban ofis ya gano matsalar ya warware. Babu maganar aljihun tebur, babu sunan Rabe ta alheri ko ta sharri. Bayan wata biyu takardar tabbatar da Kalilu a kujera ta iso.

Kalilu bai taɓa tayar da zancen ba. Ya daina cewa Yaya, ya koma Malam Rabe. Makon da ya biyo baya ya ajiye makullin ɗakin inji a teburin Rabe, ya ce ai shi ke jin Faransanci, kuma babu mai saurin hannunsa. Shekara goma sha ɗaya Rabe ya yi a kan injin, har tarho ya yawaita aka daina buga waya. 'Yan kasuwa sukan yi layi a tagarsa, farashin wake ya je Maraɗi ya dawo kafin mutum ya gama ɓare goro. Na ce masa ai wannan alheri ne Kalilu ya yi masa.

"Alheri?" ya ce. "Ɗakin yana kallon teburinsa. So yake kullum ya ɗaga kai ya gan ni ina yi masa aiki."

Kalilu ya riga shi rasuwa da shekara huɗu. Rabe ya je jana'iza da sandarsa, ya tsaya a sahun gaba, ya yi kuka na gaske har sai da aka riƙe shi. Da muka taso daga maƙabarta muna tafe a hankali, mutane suna wuce mu, ya dafa kafaɗata ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Ka ƙirga sahu?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Goma sha huɗu," ya ce. "Har da mutanen Maraɗi, mota biyu." Muka yi 'yan taku. "Kai a ganinka ni zan samu goma?"